Damina Uku Motata Tana Segbana

Na san motar nan tun kafin ta zama tawa. Ina sabon malamin dabbobi aka turo ni Bagudo, na tarar ita ce motar ofishinmu: koriya, mai rufin tamfol, da safayar taya ɗaure a kan bonet. A cikinta muke zaga rugage muna yi wa shanu allurar bushiya. 'Yar Ingila muke ce mata, don can aka ƙera ta. Direbanmu dattijo ne da ya yi aiki da Turawa, kuma daga bakinsa na ji asalin irinta. Ya ce bayan babban yaƙin duniya ƙarfe ya yi wuya a ƙasarsu, shi ya sa suka yi jikinta da sanholo, irin wanda ake tukwane da shi. Manoma aka yi wa ita, amma da ta zo nan sai ta zama motar joji da likita da masu awon ƙasa. Inda duk babu hanya, ita ake turawa. Tana da wata gajeriyar giya kusa da babbar, in ka ja ta ƙafafu huɗu duka suke ja, ta ratsa taɓo tana gurnani.

Daga baya motocin daji na Japan suka shigo, masu sanyi a ciki, waɗanda ba su damun kowa da gyara. Gwamnati ta koma kansu. 'Yar Ingila aka jingine ta bayan ofis shekara da shekaru, har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Shekarar da na yi ritaya aka sa ta gwanjo, na je na saya.

Ranar da aka jawo ta ƙofar gida, maiɗakina ta leƙo ta zaure ta daɗe tana kallonta.

Ta ce, "Malam, gwamnati da ƙarfinta ta gaji da wagga mota. Kai mi kaka da shi da ya fi na gwamnati?"

Na ce mata ba ta san motar ba ne.

Gaskiya ni ma rabinta na sani. Da can ina zaune a gefe ne, wani ke tuƙi, wani ke gyara. Sai da ta zama tawa na gane duk inda ta kwana sai ta bar baƙin mai a ƙasa. In ana ruwa, tamfol ya tara shi ya juye mini a gwiwa. Zafin inji yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafa har takalmin roba ya yi laushi. Sitiyarinta kuwa sai ka yi ta lallashi, ka murza hagu ta yi tunani tukuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kanikawa. Notinanta ba irin awon motocin yanzu ba ne, sifanar kowa ba ta kama su daidai. Bakanike zai sa wadda ta ɗan fi girma, ya murje kan noti, ya ɗauko guduma da kurfi. Duk zuwa gareji sai ta dawo da sabon rauni. Kayan gyara na nema a Birnin Kebbi, na nema a Sakkwato, na aika Kano. Wani mai shago ya riƙe ƙarfen da na kai masa samfur yana juyawa, ya tambaye ni ko na injin niƙa ne.

Amma in damina ta sauka, babu kamarta a ƙasarmu. Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, yayana kuma yana zaune can bayan Sharabi inda hanya ke narkewa da ruwan farko. Ita ke kai taki, ita ke fito da mara lafiya, ita ke ɗauko gawa in an rasu a asibiti. Da rani mutane dariya suke mata, da damina su yi sallama tun da sassafe. Ban taɓa hana kowa ba, ko da yake babu wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi da ita in ta lalace.

A shekara ta shida giya ta fara fita da kanta. Ina cikin tafiya sai in ji inji ya yi kuka a banza, sandar giya ta koma tsakiya. Wata rana ina dawowa daga Matsinkai ta yi mini haka a tsakiyar wani kwazazzabo, da ƙyar na fito. Bakaniken da nake kai wa a Bagudo ya saurari ƙarar ya girgiza kai, ya ce shi ba zai buɗe giyabos ɗin nan ba, don in ya buɗe bai san yadda zai mayar ba. Shi ya ba ni labarin wani tsoho a Segbana, cikin ƙasar Benin, Badande, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran irin waɗannan motoci a wajen masu sayen auduga. Ya ce in akwai mai iyawa a duniyar nan, to shi ne.

Na tashi da safe, damina ta yi nisa, na haye gadar Tuga, na wuce Kaoje, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya danne da sandar giya. A Tsamiya ma'aikatan boda suka duba takarduna. A ɗaya ɓangaren aka ba ni wata 'yar takarda da ta yarje wa motar kwanaki kaɗan a ƙasarsu. Na ninke ta na sa a aljihu ban ko karanta ba, don da Faransanci take.

Garejin tsohon wani fili ne a bayan gidansa, da bishiyar mangwaro da katangar langa-langa. Yana zaune kan benci yana cin gyaɗa. Tun kafin in kashe mota ya miƙe. Bai dube ni ba, motar ya nufa, ya dafa bonet da tafin hannu kamar mai gaisawa da doki.

"Fofo," ya ce da ni daga baya, gaisuwarsu ta Dandawa. Sannan ya juya Hausa. "Wa ya yi mata wannan ɓarna?"

Yana nuna kawunan notin da aka murje. Na ce kanikawanmu ne. Ya yi tsaki, ya shiga ɗaki ya fito da wani akwatin katako. Sifanu ne a jere cikin tsumma, kowace ta sha mai. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a noti, ta zauna cif. Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Shekara shida ban ga haka ba.

Da ya ji aikina, sai ya riƙa ce mini Likita, ni kuma ina ce masa Baba. Kafin la'asar ya sauke giyabos, ya shimfiɗa tabarma, ya jera haƙoran giya a kai. Ya nuna mini ɗaya da ya cinye. Ya ce akwai wani abokinsa a Paraku da ke da gawar irin motar, zai aika a ciro.

"Sati ɗaya, Likita. Ka je gida ka dawo ranar kasuwa ta sama."

Na hau kabu-kabu na koma Bagudo. Kwana huɗu da dawowata, ina zaune a ƙofar gida da rediyo, na ji an ce an rufe boda. Na ɗauka abin kwana biyu ne. Na ce wa maiɗakina ai ba da irinmu ake ba, da masu shinkafa da fetur ake.

Da ranar kasuwar ta zo na tafi Tsamiya. Manyan motoci sun yi layi har bayan gari, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Na sami wani babba a cikin ma'aikatan na yi masa bayani. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Baba, kai da ƙafarka da katinka ba na hana ka zuwa ka dawo. Amma mota, ko ta ubana ce, ba ta wucewa sai an ba mu umarni."

Na ƙetara da ƙafa. Haƙorin giya ya iso, tsoho ya ma mayar da giyabos ya ɗaure. Motata lafiyayya tana tsaye ƙarƙashin mangwaro, tsakaninta da gida tafiyar 'yan sa'o'i, ba halin tafiya. Wasu samari masu babura suka ce za su nuna mini hanyar daji, ai motar daji ce. Na ƙi. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati ba a taɓa kama ni da laifi ba, ba zan fara da furfura ba. Har yau in na tuna ina tambayar kaina ko wauta na yi.

Bayan wata biyu na koma dubiya. Tun daga bakin langa-langa na ga bonet a jingine da katanga. Inji ba ya cikin mota. Yana kan tabarma, a warwatse.

Na ce, "Baba, mi ya faru? Wa ya ce ka taɓa inji?"

Ya ce, "Na tayar da ita don kada batir ya mutu, sai na ji wata ƙara da ban so ba. Tun da ba inda za ta, gara a duba."

Na ce ni giya na kawo, inji lafiyarsa lau. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. Ya ce in lafiyarsa lau, me ya sa take zubar da mai? Na ce haka na san ta tun ina saurayi. Ya ce to tun ina saurayi take ciwo.

Haka muka shiga. Duk zuwan da zan yi sai na tarar ya ciro wani abu. Ya gama inji ya koma ƙafar baya. Ya gama ƙafar baya ya ce sitiyari. Wasu kayan ya mayar, wasu suna jiran saƙo daga Paraku ko Kwatano, saƙon da ba ya zuwa. Na roƙe shi, na yi fushi, na haɗa shi da Allah. Sau ɗaya na ce ya cire komai ya sa mata inji da giya na Japan kowa ya huta, kamar yadda na ji wasu na yi. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

Ya ce, "In haka kake so, kawo amalanke ka kwashe kayanka. Ba a gidana ba."

Ina zan kai su? Na ba shi haƙuri, ni da motata.

Kaji suka fara ƙwai a kujerar baya. Matarsa tana shanya kuɓewa a kan bonet. Ban ga laifinta ba, wuri ne mai faɗi kuma rana na samunsa.

A damina ta biyu kububuwa ta sari yayana a gona da hantsi. Aka kira ni a waya, ina tsaye a tsakar gida, ban da abin da zan yi. Na nemi mota a tasha, duk wanda na faɗa wa wurin sai ya ce ba ta shiga. Babur ma ya kasa, ruwa ya kai cinya a mashigi. A amalanken shanu aka ɗauko shi, ana tafe ana tsayawa, sai bayan azahar suka fito bakin titi inda nake jira. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na fita ta dasashinsa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma sai da aka yanke masa yatsu biyu, kuma har yanzu da sanda yake tafiya.

Yayana dai bai ɗora mini laifi ba. A asibiti da na zauna kusa da shi, cewa ya yi kawai in sa a duba masa shanun da suka jawo shi, sun wahala. Mutanen gari ne suka yi maganar. Wani dattijo da ya zo dubiya ya ce, a gabana, "Da motarmu tana nan da ba a kai haka ba. An ɗauke ta an kai ƙasar waje." Motarmu. Mutumin da ko turi bai taɓa taya ni ba. Na tashi na fita waje don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Washegari na tafi Segbana da niyyar in ci wa tsohon mutunci, ko da yake na san ko motar tana haɗe ba ta da hanyar zuwa. Ina son in sami wanda zan yi wa ihu ne kawai. Na same shi zaune a benci, ya kasa kunne wajen ƙofa. Sai da na yi magana ya gane ni. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara fari. Kayan motata na nan kan tabarmi uku, an lulluɓe da buhuna. Na zauna na ba shi labarin yayana. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Na dawo gida da ihuna a ciki.

Sai bayan damina ta uku aka sassauta, aka ce ƙaramar mota mai takarda tana iya wucewa. Na ɗauki jakata na ce wa maiɗakina ba zan dawo ba sai da mota. Ta ce in ɗauki kaya da yawa ke nan.

Tsohon ba ya gani sosai a lokacin, kuma ya rantse babu bakaniken garin da zai taɓa masa aiki. Saboda haka ni na zama hannunsa. Ni da na saba da sirinji da igiyar kama sa, na kwanta ƙarƙashin mota ina ɗaure noti. Yana zaune kan kujera 'yar tsugune, in miƙa masa ƙarfe ya shafa da yatsu ya faɗi inda yake shiga. Kwana goma sha tara muka yi, kuma babu ranar da ba mu yi faɗa ba.

"Ba haka ba, Likita. Juya shi."

"Baba, haka ka ce ɗazu."

"Ban ce ba. Kai da ido biyu ka kasa abin da nake yi da babu."

Wata rana ya sa na sake sauke giyabos ɗin da shi da kansa ya ɗaure tun farko, wai ya tuna akwai wani zobe da bai gamsu da shi ba. Na jefar da sifana ta bugi langa-langa. Ya ce in je in ɗauko ta in goge, ta girme ni. Na je na ɗauko.

Ranar da muka gama, ƙarafa bakwai suka rage a cikin gwangwanin madara: noti biyar, da wani ɗan sifirin, da wata 'yar ƙwallo kamar ƙwayar gujiya. Na karkaɗa masa gwangwanin. Ya ce kowane gyara yana barin saura. Na murza makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Ban taɓa jin injinta da laushi haka ba, ko a zamanin ofis. Tsohon ya sa kunne, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar in yi shiru, ya yi murmushi.

Sai kuma takarda. Wadda aka ba ni ta kwanaki kaɗan ta shekara biyu da mutuwa. Ofishin can suka ce sai na kawo shaida daga namu cewa rufe boda ne ya hana ni fita. Namu suka ce su ba su da hurumin rubuta wa wata ƙasa takarda, ai duniya ta san an rufe. Kwana biyar ina kai da kawowa tsakanin ofis biyu da ke kallon juna, har masu sayar da kunu suka san ni. A ƙarshe wani babba na ofishin can da ya zo rangadi ya ji labarin, ya yi dariya har da hawaye, ya sa hannu. Ya ce amma lallai motar ta fita kafin a tashi aiki ranar.

Na koma gareji a guje. Motar tana fuskantar ƙofa, na shiga na ja ta gaba, na yi wa tsohon sallama ta taga. Na wuce boda, na wuce Kaoje, giya ba ta fita ko sau ɗaya ba. A kan gadar Tuga na sami kaina ina waƙa. Na iso ƙofar gida da la'asar sakaliya, maƙwabta suka fito, maiɗakina na tsaye a zaure. Na ɗan wuce inda nake ajiye ta, na taka kuloci na nemi ribas in dawo baya.

Babu ribas. Sandar ta je wurin, ta dawo kamar an tura ta. Na gwada sau goma. Mutane suna kallo, wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Maƙwabta huɗu ne suka turo ni baya zuwa inuwar darbejiya.

Na kira tsohon a waya na faɗa masa babu ribas. Ya saurara, ya ce in karkaɗa masa gwangwanin nan a bakin waya. Na karkaɗa. Ya ce, "To, 'yar ƙwallon nan ce da sifirinta. Ƙaramin abu ne. Kawo ta."

Na kashe wayar. Bakanikenmu na Bagudo ya ce shi bakinsa ɗaya ne, ba zai buɗe ba. Tsohon kuma duk wanda ya zo cin kasuwa daga wajensu sai ya ba shi saƙo a gaishe da Likita, a ce masa yana jira. Ina amsa gaisuwar, ina aika masa da goro, amma motar ba ta sake ƙetare Tsamiya ba.

Shekara uku ke nan ina tuƙa ta haka. Kafin in shiga kowane lungu sai na tsaya na duba ko yana da mafita ta gaba. A masallacin Juma'a can nesa nake ajiye ta, bakin fili, in taka da ƙafa. A gona na sare wata 'yar kalgo don in sami wurin zagayowa. Watan jiya na kai wata mai naƙuda asibiti, mai gadi ya nuna mini wani wuri tsakanin katanga da tankin ruwa, ni kuma hankalina na kan matar, na shige. Aka shiga da ita, ta sauka lafiya, namiji. Mijin da 'yan uwansa duk suka ruga ciki ganin jariri, mai gadi ya tafi salla, na zauna a mota hancinta na shafar katanga, har rana ta juyo ta same ni.